Zuwa ga Edita: Kwalabe bakwai a fuska ɗaya

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikata. Dan Allah ka bani ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan uwana mata, har da mazan ma tunda yanzu su ma sun shigo harkar gadan-gadan, akan wannan yayi na jera mayukan gyaran fuska ɗaya bisa ɗaya safe da dare. Ba maganar bilicin na zo yi ba, wannan an sha faɗa akai har baki ya gaji. Ina maganar 'yan ƙananan kwalaben nan ne masu bututun ɗiga, su siram ɗin bitamin C da retinol da niyasinamaid da asid kala-kala, waɗanda duk wadda ta buɗe TikTok ko Instagram sai ta ci karo da wata ta jera su gaban madubi tana cewa wannan na ɗaya wannan na biyu har zuwa na goma. Kowannensu idan ka ɗauke shi shi kaɗai abu ne mai kyau kuma yana aiki, ni shaida ce, amma ni ɗin dai ce na haɗa su gaba ɗaya na kusa rasa fuskata, shi yasa nace bari in rubuto ko wata zata tsira.

Abin da ke damuna tun farko fa bai taka kara ya karya ba. Ƙuraje ne guda uku ko huɗu da suke fito min a haɓa duk wata, idan sun tafi su bar min ɗan baƙin tabo, shikenan. Amma da na zauna ina kallon bidiyoyin nan sai na fara ganin fuskata duk matsala ce, wai ramukan fatar hancina sun yi girma, wai goshina ba ya sheƙi, wai tamoji na nan tafe idan ban tare shi tun yanzu ba. Cikin sati ɗaya na tara abu bakwai, ban da man laushi. Da safe in wanke fuska da sabulu mai salisilik asid, in goga tona, wato ruwan goge fuska, mai gilaikolik asid da auduga, in ɗiga bitamin C, in bi da niyasinamaid mai kashi 10, sannan in ɗora benzoyil feroksaid akan ƙurajen. Da dare in maimaita kusan duka sannan in ƙara retinol a kai, kuma sau biyu a sati in dirje da wani abin goge fuska mai tsakuwa-tsakuwa a ciki. Man kariya daga rana kuwa ko saya ban yi ba, a raina nace ai ni baƙa ce me rana zata min.

Satin farko wallahi daɗi nake ji. Fuskar ta ɗau wani irin ƙyalli kamar an ja leda a kai, ina duba madubi ina cewa Allah sarki ashe haka nake da kyau, ban san wannan ƙyallin alama ce ta fatar ta fara siracewa ba. Wajen kwana na goma na tashi da safe na watsa ruwan famfo kawai a fuska, ruwa zalla ko sabulu babu, sai naji kamar an watsa min garwashi. Gefen hancina biyu da kusurwar bakina suka fara ɓawo, idan nayi dariya sai inji wurin ya tsage, kumatuna sun yi gautsi idan na shafa kamar ina shafa takardar goge katako, kuma ƙananan ƙuraje suka feso min har a goshi da gefen kunne inda tunda nake ban taɓa yin ƙurji ba. Rigar matashina mai shuɗi duk ta yi ɗabbare-ɗabbaren fari-fari, tawul ɗina ma haka, na yi ta yi wa ƙanwata faɗa wai ta zuba min ruwan wanki mai cin kaya, ashe benzoyil feroksaid ɗin ne, haka yake, yana cinye launin yadi.

Da na yi ƙorafi sai aka yi min caa da shawara, kowa na cewa ki daure, datti ne ke fita, idan ya gama fita zaki ga abin mamaki. Na daure ɗin kuwa na ƙara kwana biyar, har sai da fatar ƙasan idona ta kumbura sannan na haƙura na kwashe komai a jaka na tafi wurin likitar fata.

Ba zan manta wannan zama ba. Ta ce in zazzage mata jakar akan tebur, ta ɗauki kwalaben ɗaya bayan ɗaya tana juya bayansu tana karanta ƙananan rubutun nan da ba mai karantawa, tana ture su da biro, wasu hagu wasu dama. Da ta gama sai ta nuna min tarin hagu tace, Malama kin ga waɗannan biyar ɗin? Duk fata suke ɓarewa ko su busar da ita, kowanne ta hanyarsa, ke kuma kin sa su aiki lokaci guda, wasu ma sau biyu a rana. Nace Likita ai cewa aka yi kowanne da aikinsa daban. Tace a jikin kwalba ne aikinsu ya bambanta, a fuskarki kuwa duk wuri ɗaya suke sauka. Sai ta ɗaga man da nake shafawa na ƙarshe, wanda ni a tunanina man laushi ne kawai, ta nuna min a jerin kayan da ke ciki akwai laktik asid. Wato ko abin da nake shafawa dan in huce zafin ma ƙara min wuta yake yi. Garin neman ƙiba na samo rama.

Bayanin da tayi min shi ne abin da nake so ya isa kunnen mutane. Saman fatar mutum akwai wani ɗan siririn rufi na matattun ƙwayoyin fata da wani irin maiƙo ke riƙe su, cikinsa da seramaid da kolestarol, rufin nan ko kaurin silin gashi bai kai ba, amma shi ke hana ruwan jiki tsiyayewa ta fata kuma shi ke tare ƙwayoyin cuta da duk abin da ke ƙona fata daga waje. Su asid irin gilaikolik da laktik aikinsu su sassauta abin da ya manne matattun ƙwayoyin nan dan su zube. Salisilik asid shi kuma yana narkewa a maiƙo, shi yasa yake iya kutsawa cikin ramukan fata ya fito da abin da ya toshe, kuma yawanci kashi 0.5 zuwa 2 ake sawa a kayan shafa. Retinol dangin bitamin A ne, idan ya shiga fata sai jiki ya juya shi sau biyu kafin ya zama sinadarin da ke aikin, yana sa fata ta riƙa sabunta kanta da sauri. Benzoyil feroksaid yana kashe ƙwayar cutar da ke cikin ƙuraje amma yana busarwa sosai. To idan mutum ya haɗa huɗun nan a dare ɗaya, ana zubar da rufin ne fiye da yadda fata ke iya gina sabo, daga nan sai raɗaɗi da ɓawo da kumburi.

Kuma mu masu duhun fata abin ya fi yi mana illa, wannan ne wurin da ya fi bani haushi dan ba wanda ya taɓa faɗa min. Duk lokacin da fatarmu ta ji ciwo ko ta kumbura, ƙwayoyin da ke samar da launi sai su ƙara aiki a wurin, shi yasa ko cizon sauro ka sosa sai ya bar baƙi. To ka duba fa, ni tabon ƙurji huɗu na fita gogewa, na dawo da baƙin shaci zagaye da bakina da gefen hancina kamar an zana min da gawayi. Ƙunar ta warke cikin sati huɗu, amma baƙin nan sai da ya kai ni wata bakwai kafin ya dushe. Mai farar fata da nake kwaikwayo a bidiyo ita ja kawai zata yi na kwana biyu ta koma yadda take, ni kuma in zauna ina ɓoye fuska da hoda.

Maganin da ta bani ya bani dariya dan ba komai bane. Tace in ajiye duka, in riƙa wanke fuska da abu mai laushi mara ƙamshi, in shafa man laushi mai seramaid, da safe in sa man kariya daga rana, shikenan har sai ruwa ya daina min zafi. Abu uku. Na fita ina guna-guni a raina wai na zo wurin likita an ce in daina shafa komai.

Bayan na warke ne ta fara mayar min da su ɗaya ɗaya, kuma a nan na koyi wanne ke zama da wanne. Bitamin C na safe ne, a ƙarƙashin man kariya daga rana, dan aikinsa ya rage ɓarnar da hasken rana ke yi wa fata kuma yana taimakawa tabo ya dushe. Irin mai ƙarfin, wato askobik asid zalla, sai yana da tsami sosai yake shiga fata, shi yasa yake ɗan cizo, kuma shi yasa ba dabara bace a ɗora shi kan tona mai asid, tsami kan tsami kenan. Kashi 10 zuwa 20 ake yinsa, wuce nan ba ƙarin amfani sai ƙarin zafi. Idan an haɗa shi da bitamin E da ferulik asid a kwalba ɗaya ya fi daɗewa bai lalace ba kuma ya fi kariya. Sannan baya son iska da haske, idan kika ga ruwan ya tashi daga fari ko rawaya-rawaya ya koma ruwan ƙasa to ya mutu, ki zubar, ni nawa a bakin taga nake ajiyewa rana na dukansa kullum ina ta shafa abin da ya riga ya lalace.

Retinol kuma na dare ne. Ɗan kaɗan, kamar girman ƙaramin maɓallin riga, shi zai isa fuska gaba ɗaya, a busasshiyar fata, a kauce wa gefen ido da kusurwar hanci da baki, kuma a fara da dare biyu a sati sai fata ta saba a ƙara. Mai saurin jin zafi ta fara shafa man laushi sannan retinol sannan ta sake man laushi a kai. Daren da aka sa retinol ba a sa asid, daren asid ba a sa retinol, kuma a bar wasu darare ba komai sai man laushi. Wannan kaɗai da na sani da ban shiga halin da na shiga ba. Haka kuma mai shafa retinol kada ta yarda a cire mata gashin fuska ko na gira da waks, wato ɗankon da ake mannawa a fizge gashi, sai ta dakata da shi na wasu kwanaki, dan yana iya tahowa da fatar.

Akwai wani haɗin da ba ƙuna kawai yake jawowa ba, asarar magani ce. Tiretinoyin, wanda shi ne babban yayan retinol kuma sai da takardar likita, tun 1971 aka amince da shi a Amurka dan maganin ƙuraje, to shi idan ya haɗu da benzoyil feroksaid a lokaci ɗaya feroksaid ɗin yana lalata shi, sai ki sha zafin banza ba aikin. Shi yasa ake raba su, ɗaya da safe ɗaya da dare. Amma ɗan uwansa adafalin baya lalacewa, har ana haɗa su biyun a bututu ɗaya tun daga kamfani. Kuma shi kansa benzoyil feroksaid ɗin mai kashi 2.5 yana aiki kusan daidai da mai kashi 10, bambancin kawai mai 10 ya fi ƙona fata, amma mu da mun ga babbar lamba sai mu ce yauwa wannan ne mai ƙarfi.

Wani abin kuma akasin haka ne, an hana mutane abin da ba laifi. Zaka ji ana ta rantsuwa wai kada a haɗa bitamin C da niyasinamaid, wai suna kashe juna. Likitar dariya tayi tace wannan tsohuwar magana ce da ta samo asali daga gwaje-gwajen da aka yi da zafi mai yawa wanda fuskar mutum ba ta kaiwa, a kayan shafa na yanzu ba matsala. Niyasinamaid bitamin B3 ne, shi mai zaman lafiya ne da kowa, yana ma taimakawa fata ta jure retinol, yana rage maiƙo da tabo. Sai dai kashi 2 zuwa 5 ya wadatar, kuma yanzu kusan komai ana zuba shi a ciki, sabulun wanke fuska da tona da man laushi har da man rana, sai mutum ya tara shi ta ƙofa huɗu bai sani ba sannan ya sayo siram mai kashi 10 ya ɗora. Hayaluronik asid ma sunan ne kawai asid, baya ɓare fata, ruwa yake riƙewa, a shafa shi a fata mai ɗan danshi a rufe da man laushi.

Maganar datti na fita kuwa, akwai ƙamshin gaskiya a ciki amma an cika ta da ƙarya. Idan aka fara retinol ko asid, ƙurajen da dama suna kwance a ƙasa suna iya fitowa da wuri, amma a wuraren da mutum ya saba yin ƙuraje, kuma cikin 'yan makonni su lafa. Idan kuwa fuska na raɗaɗi, tana ƙaiƙayi, ta kumbura, ko ƙuraje sun fito inda ba a saba ba, wannan ba datti bane, ƙuna ce, a tsaya. Kalmar ki daure ɗin nan ta cuci mutane da yawa.

Man kariya daga rana da na raina shi ne ya zama uban tafiyar. Asid irin gilaikolik suna sa fata ta fi jin rana, kuma duk tabon da kake ƙoƙarin gogewa da dare rana na ƙara masa baƙi da safe, kaga ana ɗinki ana farkewa kenan. A nemi mai SPF 30 zuwa sama, SPF ɗin nan lambar ƙarfin kariyar man ce da ake rubutawa a jikinsa, mai SPF 30 yana tare kusan kashi 97 na hasken da ke ƙona fata idan an shafa isasshe, wato layi biyu a tsawon yatsu biyu dan fuska da wuya, kuma a sake shafawa bayan awa biyu idan ana cikin rana. Na san ƙorafin da za a yi, yana barin fuska fari fat kamar an shafa toka, ni ma shi ya kore ni da farko, amma akwai waɗanda basa bari, akwai kuma masu ɗan launi waɗanda ma sun fi dacewa da mai fama da baƙin tabo.

Masu juna biyu da masu neman haihuwa dan Allah ku kula, retinol da tiretinoyin da adafalin duk a ajiye su, ba wasa a nan. Akwai azelayik asid da likitoci ke bayarwa a madadinsu, yana maganin ƙuraje da tabo, amma a tambayi likita tukuna kada a ce ni na faɗa.

Sai kuma masu juye mayuka uku huɗu a roba ɗaya su gauraya, ko su sayi haɗin da ba a rubuta komai a jikinsa ba. Ko kamfani sai ya auna tsamin kowane abu da abin da zai hana shi ruɓewa, ke kin zuba a roba kin juya da tsinke, me kike tsammani. Mafi muni irin haɗin nan ne ake ɓoye sitiroid, wato maganin kwantar da kumburi mai ƙarfi, irin su kulobetasol a ciki, ko haidirokwinon mai haska fata, wani lokacin har zaiba. Sitiroid zai kwantar da komai cikin kwana uku fuska tayi luwai, bayan watanni fata ta sirance jijiyoyi su bayyana ƙuraje su dawo ninki. Haidirokwinon kuwa tun 2001 Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya na hasken fata, dan idan aka daɗe ana shafawa yana iya barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ke da wuyar fita. To ka yi tunanin mai irin wannan fatar ta ɗora retinol da asid a kai.

Ni dai yanzu da safe in wanke, bitamin C, man laushi, man rana. Da dare retinol sau uku a sati, salisilik asid sau ɗaya a daren da ba retinol, sauran dararen man laushi kawai in kwanta. Idan zan gwada sabon abu sai na fara shafa shi a bayan kunne ko ƙasan muƙamuƙi na kwana biyu uku, kuma ba na ƙara wani sai bayan sati uku ko huɗu, dan idan abu ya ɓaci in san wa zan kama, wancan karon ko da aka tambaye ni wanne ne ya ƙona ni ban da amsa tunda rana ɗaya na buɗe su duka. Fata tana ɗaukar kusan kwana 28 kafin ta sabunta, ta fi haka ma idan shekaru sun ja, retinol kuma sai an yi kamar sati 12 ake ganin aikinsa na gaske, duk mai nuna maka hoton kafin da bayan na kwana bakwai to fitila ya canza ko filta.

Roƙona gare ka Malam Edita, a shafin lafiya ku gayyato mana likitan fata ko da sau ɗaya ne a wata ya riƙa amsa tambayoyin masu karatu da Hausa, musamman ya koya mana karanta bayan kwalba, dan yawancinmu gaban kawai muke dubawa inda aka rubuta alkawari da manyan baƙaƙe. Jiya-jiyan nan na shiga ɗaki na tarar da ƙanwata, wadda na yi wa faɗan tawul, ta buɗe durowar da na zuba ragowar kwalaben tana ɗaukarsu hoto, tace Yaya tunda ba kya amfani da su ki bani mana, ƙawata tace idan na haɗa wannan da wannan sati ɗaya ya isa. Shekararta 17, ko ƙurji ɗaya babu a fuskarta. Na karɓe na kulle durowar na sa makullin a jakata, tun jiyan ba ta yi min magana ba.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taku,
mai karanta jaridarku a kullum.